Ƙwayar Tazarar Haihuwa: Wadda Ta Dace Da Ita da Wadda Za Ta Cutar

A cikin magungunan da ɗan Adam ke sha, da wuya a sami wanda aka bi diddiginsa kamar ƙwayar tazarar haihuwa. Tun 1960, lokacin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a sayar da ita, likitoci ke bin matan da ke shan ta, suna ƙirga wadda ta kwanta da wadda ta zauna lafiya. Yau an san mafi yawan mata za su sha ta shekara da shekaru ba abin da zai same su. An kuma san akwai ƙalilan da za ta iya shanye wa ɓarin jiki, ko ta toshe musu huhu, ko ta zama ajalinsu. Kuma an san yadda ake gane waɗannan ƙalilan tun ba su haɗiyi ta farko ba: a auna hawan jini, a yi wa mace 'yan tambayoyi, ta amsa tsakani da Allah. Abin da ke damuna shi ne, a wajenmu wannan ɗan matakin ne aka fi tsallakewa.

Kowa ya san yadda ƙwayar ke shiga gidaje da yawa. Mace ta gaji da kwanika, goyo a baya ciki a gaba, ta kai kuka wajen ƙawarta, ƙawar ta ciro katin da take sha ta nuna mata. Ko a rubuta sunan a 'yar takarda a aiki yaro kemis. Mai kemis ya miƙo ya karɓi kuɗi, bai ga fuskar mai sha ba balle ya tambayi shekarunta. Wata mijinta bai sani ba, wata uwar miji take tsoro, don haka a gan ta a layin masu tazarar haihuwa a asibiti ba abu ne da za ta yarda da shi ba. Ba na ganin laifin matan nan, domin wahalar da ta kai su ga ƙwayar wahala ce ta gaske. Amma maganin da ya karɓi ƙawarki mai shekara 24 yana iya zame miki masifa, ke mai shekara 38 da hawan jinin da ba ki san da shi ba.

Ƙwayoyin iri biyu ne, kuma kusan duk maganar haɗari a kan wannan bambancin ta rataya. Akwai mai haɗi, wadda ke ɗauke da sinadarai biyu masu kwaikwayon na jikin mace, istirojin da furojestin. Irin su Microgynon da Levofem da Combination 3 ke nan. Yawanci kati ɗaya ƙwaya 28 ne, 21 masu aiki, bakwai na ƙarshe masu launi dabam ba sinadarin a cikinsu, a kwanakin shan su ne jini ke zuwa. Aikinta ta hana ƙwan mace fitowa kowane wata. Sai mai sinadari ɗaya, furojestin kaɗai, irin Microlut, wadda aka fi ba masu shayarwa. Ita tana sa majinar bakin mahaifa ta yi kauri yadda maniyyi ba zai ratsa ba, a wasu watannin kuma ta hana ƙwan fita. Babu ɗaya a cikinsu da ke zubar da cikin da ya riga ya shiga. Istirojin ɗin nan na cikin mai haɗi shi ne tushen manyan haɗurran da za a ambata, wadda babu shi a cikinta ta kuɓuta daga mafi yawansu.

Tsoron da mata ke yi wa ƙwayar ba daga sama ya faɗo ba. Babban gwajin farko an yi shi ne a tsibirin Puerto Rico daga 1956, a kan mata talakawa da ba a fayyace musu cewa gwaji ake yi da su ba. Suka yi kukan jiri da amai da ciwon kai, masu binciken suka yi biris. Mata uku suka rasu, ba a binciki gawarsu don a san dalili ba. Ƙwayar wancan zamani, Enovid, maikirogiram 150 na istirojin take ɗauke da shi. Ba a daɗe da fara sayar da ita ba rahotannin daskarewar jini suka fara fitowa, har a 1970 majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan batun, daga nan aka wajabta sa takardar gargaɗi a cikin kwalin. Tun lokacin ake ta rage ƙarfin sinadarin, Microgynon ta yau maikirogiram 30 ce, wasu ma 20. Mu ma muna da namu tabon. Wanda ya san gwajin maganin Trovan da aka yi wa yaran Kano a annobar sanƙarau ta 1996, ya kuma tuna yadda aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003 bisa jita-jitar yana hana haihuwa, ba zai yi mamaki ba idan aka ce wa mace "sha, ba ya komai" ta ƙi yarda. Kuma tana da gaskiya, don yana yin wani abu. Haƙƙinta ne a gaya mata me yake yi, ga wa, kuma sau nawa.

Babban haɗarin gudan jini ne. Istirojin yana sa hanta ta ƙara sarrafa sinadaran da ke daskarar da jini. Idan jini ya daskare a jijiyar cikin ƙafa, sai sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi. Idan gudan ya ɓalle ya bi jini har huhu, numfashi ya sarƙe, mace na iya faɗuwa nan take. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tattara alƙaluma a 2013. Cikin mata 10,000 da ba sa shan ƙwaya kuma ba su da ciki, kimanin biyu ne ke samun wannan matsala a shekara. Cikin masu shan irin su Microgynon, biyar zuwa bakwai. Cikin masu shan sababbin samfura irin su Yasmin da Marvelon, tara zuwa 12. A lura da wannan, domin a birni akwai masu ganin wadda ta fi tsada ita ta fi lafiya. A wajen gudan jini dai, tsohuwar nan mai arha da ake bayarwa a asibitin gwamnati ita ce mai sauƙin haɗari.

Haɗarin ya fi yawa a shekarar farko, musamman watannin farko, kuma yana dawowa sabo idan mace ta daina na wata guda ko fiye sannan ta sake farawa. Saboda haka al'adar nan ta "bari in huta wata biyu jikina ya wanke" ba ta da amfani ko kaɗan. Ƙwayar ba ta taruwa a mahaifa ko a ciki, jiki na fitar da ita cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ma ake shan ta kullum. Mai hutawa ta buɗe wa ciki ƙofa, in ta tsira kuma ta koma farkon layi, inda haɗarin ya fi yawa.

Sai dai duk wanda zai faɗi waɗannan alƙaluma dole ya faɗi abin da ke ɗaya gefen sikelin. Matar aure mai haihuwa da ta ajiye ƙwaya ba ta kama wata hanya ba, ciki za ta ɗauka, kuma ciki ya fi ƙwaya daskarar da jini. Ƙiyasin hukumar Amurka ya nuna biyar zuwa 20 cikin 10,000 ga masu ciki, sannan 40 zuwa 65 a makonni 12 na bayan haihuwa. Gudan jini kaɗai ke nan, ba a sa zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mata 512 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mata kusan 82,000 suka rasu a ƙasar a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Ingila ta ɗanɗani abin da rabin magana ke jawowa. A Oktoban 1995 aka sanar cewa wasu sababbin ƙwayoyi sun ninka haɗarin gudan jini sau biyu. Jaridu suka kama "sau biyu", ba su tsaya bayyana cewa ƙaramin abu ne aka ninka ba. Mata suka watsar da ƙwaya a tsakiyar kati, a shekarar da ta biyo baya aka ƙiyasta zubar da ciki ya ƙaru da kusan 13,000.

To su waye ƙalilan ɗin? Tun 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ke fitar da ƙa'idoji da suka kasa mata hawa huɗu, daga wadda za ta sha ba sharaɗi zuwa wadda aka hana gaba ɗaya. A wajenmu na farko shi ne hawan jini. Bincike a Najeriya na nuna kusan mutum uku cikin manya goma na da shi, da yawansu kuma ba su sani ba, saboda ba ya ciwo sai ya yi ɓarna. Ƙwaya mai haɗi tana ɗan ɗaga jini ga wasu, idan kuma ta tarar da shi dama a sama yake, haɗarin shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya ya ƙaru. Idan awo ya kai 160 a sama ko 100 a ƙasa, an hana ta kwata-kwata. Daga 140 zuwa 159, ko 90 zuwa 99, shi ma ba a so, haka wadda ke shan maganin hawan jini ko da ya sauka. Matar da jininta ya taɓa hawa lokacin ciki, ko ta yi jijjiga, ta faɗa tun farko a riƙa auna ta a kai a kai. Na'urar awon nan tana kusan kowane asibitin sha-ka-tafi, tana kemis da yawa, aikin bai wuce 'yan mintoci ba. A ganina mai kemis da ya miƙa katin ƙwaya mai haɗi ga wadda bai auna ba, ko bai tabbatar an auna ta ba, ya ci amanar sana'arsa.

Na biyu ciwon ɓarin kai mai zuwa da gargaɗi. Kafin kan ya sara, mace ta ga walƙiya ko wasu zane-zane masu ƙyalli, ko gefen ganinta ya dushe, ko hannu da leɓe su mutu, ko harshe ya harɗe, na 'yan mintoci har zuwa awa guda. Mai irin wannan ba ta shan ƙwaya mai haɗi ko shekararta nawa, saboda haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Da yawa ba su ɗauki wannan a matsayin ciwon da ake gaya wa likita ba, wasu ma iska suke dangantawa da shi, don haka sai ma'aikaciyar lafiya ta tambaya da bakinta. Taba kuwa, wadda ta kai 35 tana shan kara 15 a rana an hana ta, wadda ba ta kai hakan ba ma ba a so. Matanmu ba su cika shan sigari ba, amma shisha ta shigo, kuma ita ma hayaƙin taba ce.

Inda na fi jin tsoro shi ne jego, domin lokacin ne mace ta fi buƙatar tazara, kuma lokacin ne jininta ya fi saurin daskarewa. Jiki da kansa ke yin haka don ya tsayar da zubar jinin haihuwa, kuma ba ya komawa daidai sai bayan makonni. Mai shayarwa an hana ta ƙwaya mai haɗi a makonni shida na farko, wato har ta yi arba'in da 'yan kwanaki. Daga nan zuwa wata shida ma ba a so, don tana iya rage ruwan nono. Wadda ba ta shayarwa, misali wadda jaririnta ya koma, ita ma ba ta farawa kafin kwana 21, in tana da ƙiba sosai ko an yi mata aiki sai ta ƙara jira. Wadda ta dace da mai jego ita ce mai sinadari ɗaya, ko ashanar hannu, ko robar mahaifa. Shayarwa ita kanta tana hana ciki, amma da sharuɗɗa uku a haɗe: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da ɗaya ya warware kariyar ta tafi, kuma a gidajen da ake ba jariri ruwa da koko tun yana ɗan wata biyu, tun da wuri take warwarewa. Nan ne kwanika ke shigowa, alhali shawarar masana ita ce a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, daidai da shekara biyun shayarwa da muka tashi muka sani.

Akwai kuma ciwon zuciyar jego, wanda zuciya ke raunana a ƙarshen ciki ko watannin bayan haihuwa, ƙafafu su kumbura, mace ta kasa kwanciya a miƙe sai an tokare ta da matashi, ta riƙa haki daga 'yar tafiya. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, kuma Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Mai wannan ciwo sake ɗaukar ciki da wuri haɗari ne babba gare ta, ƙwaya mai haɗi kuma ba tata ba ce, domin zuciyar da ta yi rauni dama jini na saurin daskarewa a cikinta. Ita likitan zuciyarta ne zai zaɓa mata hanya. Haka masu sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu. An daɗe ana ganin za su iya shan mai haɗi bisa kulawa, amma a 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta mayar da su cikin waɗanda aka hana, saboda gudan jini. Mai sinadari ɗaya ba ta da wannan matsalar.

Sauran a taƙaice: wadda ta taɓa samun gudan jini ko shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya, mai ciwon hanta mai tsanani ko shawarar da ke kanta yanzu, mai ciwon suga da ya haura shekara 20 ko ya taɓa ido da ƙoda da jijiyoyi, duk ƙwaya mai haɗi ba tasu ba ce. Wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta taɓa samun gudan jini tana ƙuruciya ta faɗa. Wadda za a yi wa babban aiki a daina kamar mako huɗu kafin ranar, wadda ta karye ta kwanta ita ma a canza mata.

Wani wurin da ba a cika kawo wannan magana ba shi ne aikin Hajji da azumi. Mata da yawa na shan magani don ɗage al'ada, kada ta katse musu ɗawafi ko goman ƙarshe. Wasu da ƙwayar tazara suke yi, su tsallake bakwai na ƙarshe su shiga sabon kati, kuma ga wadda dama ƙwayar ta dace da ita ba laifi a likitance. Wasu Primolut N suke saya. Shi ba maganin hana ciki ba ne, kuma a yawan da ake sha don ɗage al'ada jiki na juya wani sashe nasa zuwa istirojin. Yanzu a duba wadda ta fi zuwa Hajji: mace ce da ta haura arba'in, sau da yawa da jiki, wataƙila da hawan jini, za ta zauna a jirgi awa huɗu zuwa biyar daga Kano zuwa Jidda, ta sake zama a mota, ga zafi ga ƙarancin ruwa a jiki. Tafiyar da ta wuce awa huɗu a zaune ita kaɗai tana ninka haɗarin gudan jini. Hajiya, kafin ki sayi maganin nan a kemis ki gaya wa likitan da ke duba maniyyata, a auna ki, a ji tarihinki.

Maganar sankara ita ce ta fi tayar da hankali, kuma ita ce ta fi sarƙaƙiya, domin ƙwayar tana ƙara wata tana rage wata. Wani bincike a Denmak da aka buga a 2017 ya bi mata miliyan 1.8, ya gano masu shan ta haɗarin sankarar mama ya ƙaru musu da kusan kashi 20 cikin ɗari. A ƙidayar mutane, ƙarin mace ɗaya ke nan cikin kowace 7,690 da suka sha na shekara guda, kuma wani babban nazari na 1996 ya nuna ƙarin yana gushewa cikin shekara goma da dainawa. Sankarar bakin mahaifa ma tana ƙaruwa ga wadda ta sha shekara biyar ko fiye, tana kuma raguwa bayan an daina, amma asalin mai kawo ta ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta saduwa, wadda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara tara zuwa 14 rigakafinta a Oktoban 2023. A ɗaya ɓangaren, kowace shekara biyar ta sha tana rage haɗarin sankarar ƙwan mace da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ta cikin mahaifa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma kariyar na ɗorewa shekara 30 bayan an daina. Hukunci ɗaya ne babu ja a cikinsa: mai sankarar mama ba ta shan ko wacce daga cikin biyun, wadda kuma ta ji ƙullutu a nono a duba shi kafin ta fara.

Amma abin da ke sa mata daina ƙwaya ba waɗannan ba ne, ƙananan abubuwa ne da ba wanda ya gaya musu za su zo. Tashin zuciya, ciwon nono, ɗan ciwon kai, da ɗigon jini a tsakiyar wata. Yawanci cikin 'yan watannin farko suke lafawa, shan ƙwayar da dare bayan cin abinci kuma na rage tashin zuciyar. Ɗigon jinin nan ga ma'aikacin lafiya ƙaramin abu ne, amma ga macen da ba ta san ko ta yi salla ko ta bari ba, ko azuminta ya yi, kuma maigida na tambaya, babban abu ne, bai kamata a wuce shi da "zai daina" ba. A gaya mata tun farko, a nuna mata shan ta a lokaci guda kullum yana rage shi, hukuncin jinin kuma ta tambayi malamai. Mai sinadari ɗaya ta fi kawo wannan rikicin. Wasu kuma ransu ne ke ɓaci ba dalili. Wani binciken Denmak na 2016 a kan mata sama da miliyan ɗaya ya ga masu shan ƙwaya sun ɗan fi sauran fara maganin ciwon damuwa, musamman masu ƙarancin shekaru. Wadda ta ga halinta ya canza tun da ta fara, ta koma a canza mata, kada ta zauna tana zargin kanta. Batun ta hana haihuwa har abada kuwa ba shi da tushe, da an daina ƙwai ke dawowa, wasu a watan farko suke ɗauka. Tana ma rage yawan jinin al'ada da ciwon mara, wanda alheri ne ga mai ƙarancin jini.

Sannan akwai haɗarin ƙwayar ta ƙi aiki. Idan ana shan ta yadda ya kamata, cikin mata ɗari ko ɗaya ba ta cika ɗaukar ciki a shekara ba. A yadda mutane ke sha da mantuwa, kusan bakwai ne. Wadda ta manta ɗaya ko biyu na mai haɗi ta sha ɗaya da ta tuna, ta ci gaba. In uku ne ko fiye, ko ta makara fara sabon kati da kwana uku, ta ci gaba da sha amma a yi amfani da kwaroron roba ko a haƙura da shimfiɗa kwana bakwai, in kuma a mako na uku ne ta tsallake bakwai na ƙarshe ta shiga sabon kati kai tsaye. Microlut ta fi tsanani, jinkirin awa uku ya isa ya karya ta, sai an kiyaye kwana biyu. Shi ya sa ɗaura ta da sallar isha'i ya fi, ba ta cin karo da azumi. Wadda ta saba sha da hantsi, idan Ramadan ya zo ta dawo da ita sahur, kada ta ja ta zuwa shan ruwa. In an yi amai cikin awa biyu da sha, a sake shan wata. Maganin tarin tibi mai sa fitsari ja, rifamfisin, da magungunan farfaɗiya irin su Tegretol da fenobabiton da fenitoyin suna sa hanta ta ƙone ƙwayar da sauri, masu shan su allura ko robar mahaifa ce ta fi musu. Kuma ko wacce iri ce ba ta kare mace daga ciwon sanyi ko cuta mai karya garkuwar jiki.

Postinor-2 da 'yan'uwanta magungunan hana ciki ne na gaggawa, ana sha cikin kwana uku bayan saduwa, iyaka biyar, gwargwadon sauri gwargwadon aiki. Ba istirojin a ciki, ba sa zubar da ciki, amma furojestin ɗinsu ya kai na ƙwayar Microgynon goma. Mayar da su abin sha duk mako yana rikita al'ada, kuma kariyarsu ba ta kai ta ƙwayar kullum ba. An sha samun jabunsu a kasuwa har NAFDAC ta yi gargaɗi, don haka a duba lamba da ranar lalacewa. Zafi ma na lalata magani. Abin da aka ce a ajiye ƙasa da digiri 25 zuwa 30 ba zai ji daɗin tiren mai talla a tashar Sakkwato ko Damagaram a watan Afrilu ba.

Alamomin da ba a kwana da su a gida su ne ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ciwon ƙirji ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, tari da jini, ciwon kai mai tsanani irin wanda ba a saba ba, gani ya dushe, baki ya karkace ko hannu ya mutu ko magana ta harɗe, ciwon ciki mai tsanani, ko ido ya yi rawaya. A ajiye ƙwayar a tafi asibiti a lokacin, a ɗauki katin a tafi da shi.

A nan ne ɓoyon ke nuna illarsa ta ƙarshe. Matar da ke sha a asirce, idan aka kawo ta asibiti tana haki, miji na tsaye, uwar miji na zaune a bakin gado, likita ya tambaya ko tana shan wani magani, "a'a" za ta ce. Likita ya kama neman nimoniya ko ulsa, alhali kalma ɗaya za ta kai hankalinsa ga gudan jini. 'Yar'uwa, ba a zuwa wanka a ɓoye cibiya, ki nemi nas ki raɗa mata. Ma'aikatan lafiya kuma su fitar da 'yan rakiya kafin su yi wannan tambayar, su kuma riƙe sirrin da aka ba su, domin labarin wata da aka fallasa a unguwa ya isa ya kori mata ashirin daga asibiti zuwa kemis. Maigida, in ka ji iyalinka ta kawo maganar tazara, ka zauna ku yi ta, ka kai ta asibitin gwamnati da kanka, inda ake bayar da ƙwayar kyauta ko da kuɗi kaɗan. A auna ta kafin ta fara, a sake aunawa bayan 'yan watanni, sannan ko da sau ɗaya a shekara, domin matar da ƙwayar ta dace da ita tana 25 ba lalle ta dace da ita tana 40 ba.